Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Uba Sani: Kafin A Sa Hannu Kan Dajin Birnin Gwari

Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna,
Sanata Uba Sani,
Gidan Sir Kashim Ibrahim, Kaduna.



Wannan wasiƙa ta ɗauko magana ce daga nesa: maganar manyan kamfanonin otal na duniya da alkawuran da suka ɗauka na rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wani zai ce ina ruwan manomin Kuyello, ko matar da ke tsintar kaɗanya a Randagi, da lissafin wani kamfani da ke zaune a Amurka ko Ingila? Da ruwansu kuwa. Irin itatuwan da ke tsaye daga Buruku zuwa gaɓar kogin Mariga yau haja ce a wata kasuwa da ba ta ci a Birnin Gwari, kuma a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna. Duk mai son cinikin dajin da ke wajen iyakar gandun tarayya na Kamuku, dole ya biyo ta teburin Mai Girma.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Mai Girma ya je Birnin Gwari da ƙafarsa, ya karɓi rukunin farko na 'yan bindigar da suka ce sun ajiye makamai, ya kuma buɗe kara, kasuwar shanun da ta yi shekara kusan goma a rufe. Mutanen da suka ga kashe-kashen da suka auku a Dogon Dawa a 2012 da Gwaska a 2018, suka kuma ga yadda ƙungiyar Ansaru ta yi kaka-gida a yankin Damari, ba sai an gaya musu darajar wannan rana ba. Motoci sun koma bin hanyar Kaduna, gonakin da suka zama saura sun sake ganin garma. Sulhun bai gama kafuwa ba, kowa ya sani, amma hanya ta buɗe. Hanyar da ta buɗe wa mai buhun masara kuwa, ita ce ta buɗe wa mai injin yankan katako, da mai tirelar gawayi, da mai haƙar zinare. Akwai kuma baƙo na huɗu da ba ya zuwa da gatari, sai da taswira da takarda: dillalin kabon.

Kafin a zo kan dillali, ya kamata a san masu saye.

Babban otal ba ya kashe wuta, dare ko rana. Na'urorin sanyaya ɗakuna, injinan wanki da guga, ɗakunan sanyi na ajiye nama, tukwanen ɗumama ruwan wanka, duk lantarki suke sha, kuma a ƙasa irin Najeriya janareta ne ke cike giɓin wutar da ake ɗaukewa. Kowace litar dizal da ta ƙone tana sakin iskar kabon kusan kilo 2.7. Masana'antar da kanta ta ƙiyasta cewa otal-otal ne ke da kusan kashi 1 cikin 100 na hayaƙin duniya. Wani bincike da mujallar Nature Climate Change ta buga a 2018 ya nuna cewa yawon buɗe ido gaba ɗayansa, har da jiragen sama da sayayya, ya kai kusan kashi 8.

Shi ya sa manyan gidajen suka shiga ɗaukar alkawari. Marriott, mai otal sama da 9,000 a ƙasashe fiye da 140, wanda Sheraton da Protea ke ƙarƙashinsa, ya ce zuwa 2030 zai rage hayaƙin otal-otal ɗinsa da kusan kashi 46 cikin 100 idan aka kwatanta da 2019, sannan zuwa 2050 ya kai matakin da abin da yake fitarwa ba zai wuce abin da ake zuƙewa ba. Hilton, wanda ke tafiyar da Transcorp Hilton na Abuja, ya ce zai rage kashi 75 a otal-otal ɗin da yake gudanarwa da kansa, da kashi 56 a waɗanda suka ari sunansa, zuwa 2030, bisa ma'aunin 2008. Sai dai lissafin Hilton na kowane murabba'in mita ne na gini. Kamfani na iya rage hayaƙin kowane ɗaki, ya kuma ƙara yawan ɗakunan, jimillar ta ƙi sauka.

IHG, mai Holiday Inn da Crowne Plaza da InterContinental, ya nuna inda gizo ke saƙar. Shi ma ya yi alkawarin rage kashi 46 zuwa 2030. A rahoton da ya fitar a farkon 2025 ya faɗa da bakinsa cewa hayaƙinsa ya ƙaru ne da kimanin kashi 7 tun 2019, kuma ba ya kan hanyar cika alkawarin. Dalilansa biyu ne: otal-otal ɗinsa sun ƙaru, kuma ƙasashe da yawa da yake aiki a cikinsu ba su da isasshiyar tsaftatacciyar wuta.

Ranka ya daɗe, a nan daji ke shigowa. Itace busasshe kusan rabin nauyinsa kabon ne da ya zuƙo daga iska. Idan aka hana sare daji, ko aka raya wanda ya mutu, sai masu tantancewa su auna, su fitar da takardar shaida ɗaya kan kowane tan na iskar kabon da aka ce an tsare. Wannan takarda ake sayar wa kamfanin jirgi, ko na mai, ko otal ɗin da ke son shaida wa masu taro a zaurensa cewa an share hayaƙin taronsu. Akwai kuma abin da dillali ba ya son faɗa. Hukumar SBTi, wadda ke tantance alkawuran waɗannan kamfanoni, ba ta yarda a cika alkawarin 2030 da takardun daji ba. Game da alkawarin 2050 kuwa, a ƙa'idarta sai kamfani ya rage kusan kashi 90 da kansa, ragowar ne kawai zai share ta wata hanya. Kasuwar tana nan, kuɗi na yawo a cikinta, amma ba ta kai girman da ake zuzuta ta a taruka ba, farashinta kuma hawa da sauka yake yi. Duk wanda ya zo Kaduna da alkawarin biliyoyi, a tambaye shi sunan mai saye da farashin tan guda.

Cewa otal zai iya biyan kuɗin tsaron daji ba tatsuniya ba ce. A 2008 Marriott ya ƙulla yarjejeniya da jihar Amazonas ta Brazil, ya ware dala miliyan 2 don gandun Juma, mai faɗin hekta kusan 590,000. Wato ya ninka Kamuku sau biyar, ya kusa kai ƙaramar hukumar Birnin Gwari baki ɗayanta. An kuma roƙi baƙin otal su ƙara dala ɗaya a kowane kwana. Gidauniyar da ke kula da shirin ta gina makarantu, ta riƙa bai wa iyalai kuɗin wata-wata ta hannun iyaye mata, bisa sharaɗin ba za su buɗe sabuwar gona a tsohon daji ba. Kuɗin riyal 50 ne na Brazil a wata, kuma masu suka sun ce bai taka kara ya karya ba idan aka auna shi da abin da iyalan suka haƙura da shi. Wannan shi ne misalin da ake yabo, kuma ko shi ɗin da ƙorafi.

Waɗanda suka lalace sun fi shi suna. A Zimbabuwe, shirin Kariba, da aka fara a 2011 a kan hekta kusan 785,000, ya sayar wa manyan kamfanoni irin su Volkswagen da Gucci takardu na miliyoyin daloli. A 2023 'yan jarida suka bankaɗo cewa an kambama yawan dajin da aka ce an ceto, kuma an kasa bin sawun kuɗin da aka ce sun isa ƙauyuka. A watan Oktoban shekarar kamfanin South Pole, babban dillalin shirin, ya janye hannunsa. A Laberiya, a shekarar dai, wani daftarin yarjejeniya ya fito fili wanda zai miƙa wa kamfanin Blue Carbon na Dubai iko da kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasar har shekara 30, ba tare da an zauna da masu ƙasar ba. A arewacin Kenya, inda Netflix da Meta suka sayi takardun da aka fitar daga filayen kiwo, wata kotu a Isiolo ta yanke hukunci a Janairun 2025 cewa an kafa biyu daga cikin gandayen ba bisa ƙa'ida ba, domin ba a nemi yardar makiyayan da ke wurin ba.

Ba sai an ƙetare teku ba ma. A 2008 gwamnatin Kuros Riba ta Liyel Imoke ta hana sare itace a faɗin jihar, da fatan kuɗin kabon zai maye gurbin na katako. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da tallafin dala miliyan 4 don shirye-shirye. Mutanen ƙauyukan daji sun yi shekaru suna kukan cewa jami'an sintiri sun takura musu a dajin kakanninsu, kuɗin da aka yi musu alkawari bai zo ba, manyan masu katako kuma ba su daina ba.

Mai Girma Gwamna, abin da ke Birnin Gwari ya isa a yi masa kwaɗayi. Tun 1936 aka keɓe gandun dajin En'e na Birnin Gwari, a 1999 ya zama Gandun Daji na Ƙasa na Kamuku, mai murabba'in kilomita 1,121, yana maƙwabtaka da Kuyambana ta Zamfara, kogin Mariga ne ya raba su. Dajin doka ne da kawo da maje da taura da kirya da madobiya, ga kaɗanya da ɗorawa a gefen gonaki. An san shi da giwa da gwanki da kanki da gadu, da magangarar Dogon Ruwa da Goron Dutse da Tsaunin Rema. Rashin tsaro ya kai ga hukumar gandayen ƙasa ta dakatar da ayyukanta a cikinsa. Kamuku na tarayya ne, amma dajin bai tsaya a kan iyakarsa ba. Ya bazu cikin gundumomin masarautar, inda gona da makiyaya da kurmi suke cuɗe da juna, kuma nan ne sa hannun gwamna ke aiki.

Wannan daji yana cikin haɗari na gaske, ba na takarda ba. Madobiya ta sha sara a faɗin Najeriya saboda kasuwar katakon Sin, har hukumar CITES, mai sa ido kan cinikin tsirrai da namun daji, ta dakatar da fitar da ita daga ƙasar a 2018. Gawayi kuma ya fi kowa ci. A irin ramin da ake binne itace a turara shi, sai an ƙona kilo biyar zuwa goma na itace kafin a samu kilo ɗaya na gawayi, kuma masu sana'ar kirya da doka suke nema domin su ne masu daɗewa a murhu. Tsadar gas da kananzir ta mayar da gidaje da yawa a Kaduna da Abuja kan gawayi, ga masu tsire da gidajen abinci. A 2021 gwamnatin jiha ta hana sare itace don katako da gawayi a wasu ƙananan hukumomi, har da Birnin Gwari, amma dalilin tsaro ne ya kawo dokar, ba tsarin raya daji ba. Saurayin da aka kore shi daga gonarsa ya dawo ba shi da sa, ba shi da taki, abin da ya fi kusa da hannunsa gatari ne.

Sai babbar matsalar da ta keɓanta da Birnin Gwari, wadda ita ce ainihin dalilin wannan wasiƙa. Kasuwar kabon da hoton tauraron ɗan'adam take aiki. Gonar da mai ita ya gudu ya bari shekara bakwai ko takwas, yau sabara da kalgo da 'ya'yan doka sun rufe ta, kuma daga sama ba a bambanta ta da daji. Idan aka ja layi a taswira a wannan lokaci, aka ce duk abin da ke ciki dajin kabon ne, to ranar da mai gonar ya dawo daga gudun hijira ya yi sassabe, lissafi zai rubuta shi a matsayin mai ɓarnar daji. Ƙauyukan da suka watse za su fito a taswira tamkar ba a taɓa zama a cikinsu ba. Haka burtali da mashaya da wuraren da makiyaya ke yada zango. Mai Girma ya fi kowa sanin cewa rikicin fili da kiwo da satar shanu na cikin abubuwan da suka hura wutar da ake ƙoƙarin kashewa yanzu. Yarjejeniyar da za ta hana manomi gonarsa, ta hana Bafulatani hanyarsa, ta kuma zuba masu gadi da bindiga don tsaron itace, za ta iya warware abin da aka ƙulla a 2024.

Cinikin kabon jinginar gona ce. Mai ƙasa ya karɓi kuɗi yau, ya ɗaure hannunsa da na 'ya'yansa shekara 30 ko fiye. Ba a jinginar da gonar gado a bayan idon magada, balle magadan da ba su gama dawowa gida ba.

Akwai kuma maganar adalci. Ɗan Najeriya ɗaya, a matsakaici, bai kai tan ɗaya na iskar kabon a shekara ba, Ba'amurke kuwa ya haura tan 13. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa ba. Matar da ke dafa tuwo da kara a Kakangi ba ita ta ɗumama duniya ba, kuma bai dace a ce ita za ta daina shiga daji don mai kwana a ɗaki mai sanyi ya samu kwanciyar hankali ba, sai in da yardarta da kuma ladan da ya kai.

Wannan ba kira ba ne a rufe ƙofa. Najeriya ta riga ta shiga: a Nuwamban 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow cewa ƙasar za ta daidaita hayaƙinta zuwa 2060, ya kuma sa hannu kan Dokar Sauyin Yanayi a watan, wadda ta kafa majalisar ƙasa mai kula da lamarin. A taron Dubai na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da shirin tayar da kasuwar kabon ta ƙasa. Akwai kuma hanyar da aka gwada ta yi kyau, kuma daga ƙasar Hausa ta fito. A jihar Maraɗi ta Nijar, tun daga 1983, manoma suka koma barin tohon kututturen da ke gonakinsu, suna zaɓar masu ƙarfi suna aske sauran, abin da suke kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta haka Nijar ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Abin da ya sa ya kama shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba na malamin daji ba. A Humbo ta Habasha an bi wannan dabara a kan hekta kusan 2,700, aka ba ƙungiyoyin ƙauye takardar ikon amfani da dajin, wani asusun Bankin Duniya ya sayi kabon ɗin, kuɗin ya tafi kan rumbunan ajiya da injinan niƙa, ciyawa da itacen girki kuma suka zama na masu wurin. A wurare biyun hakki ne ya fara zuwa, kafin itace, kafin kuɗi.

Saboda haka mai wannan wasiƙa yake roƙon Mai Girma abubuwa kamar haka.

Da farko, a shata iyakoki kafin a saurari kowane tayi. A zauna da Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Maigwari II, da hakimai da dagatai da arɗoɗi, da ƙungiyar ci gaban masarautar wato BEPU, da wakilan mata masu kaɗanya da kalwa da masu ɗiban zuma, a rubuta gonar kowane ƙauye, har waɗanda suka watse, da kowane burtali da mashaya. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja, an yi shi ne don gyaran ƙasa da ruwa, kuma Kaduna na cikinsa. Irin wannan aiki ya dace da shi.

Na biyu, kada a sa hannu kan wata yarjejeniyar kabon a ɓoye. A buga cikakken rubutunta, a fassara shi da Hausa da Fulfulde, a karanta a gidajen rediyo, a kai shi gaban Majalisar Dokokin Jiha. A bayyana sunan mai saye, da farashin tan, da la'adar dillali, da shekarun da za ta ɗauka, da hanyar fita idan ta ɓaci.

Na uku, doka ta ƙayyade kason al'umma tun kafin kuɗi ya shigo, ya zama shi ne kaso mafi girma, ya shiga asusun da mutanen gundumomi ke gani, a riƙa liƙa lissafinsa a sakatariyar ƙaramar hukuma. Tsintar kaɗanya da kalwa, ɗiban zuma da magani, kiwo a kan burtali, da itacen girkin gida, kada su shiga cikin abin da ake sayarwa.

Na huɗu, a kama gawayi ta hanyar da ba za ta jefa matasa cikin yunwa ba: rajistar masu sana'ar, keɓe filayen da za a riƙa sara ana bari su toho, ingantattun wuraren turara itace da ke rage asara, da haraji a kan tirela maimakon kan mai gatari. Masu gadin dajin da za a ɗauka su fito daga ƙauyukan yankin, manoma da makiyaya tare.

Na ƙarshe ya shafi otal-otal ɗin kansu. Duk kamfanin da ya nemi izinin gina babban otal a Kaduna, ko ya nemi takardar kabon daga dajinta, a tambaye shi jimillar hayaƙinsa ta bana da ta 2019, da litar dizal nawa yake ƙonawa a Najeriya, da inda yake sayen gawayin madafarsa. Wanda jimillarsa ke hawa, ya fara da kafa farantan hasken rana a rufinsa.

Roƙon gaggawa shi ne Mai Girma ya umarci ma'aikatar muhalli da hukumar filaye ta KADGIS su dakatar da duk wata takardar fahimtar juna da ta shafi kabon a ƙasar Birnin Gwari har sai an kammala shata gonaki da burtalai, ya kuma sa ranar zaman farko a fadar Mai Martaba kafin faɗuwar damina mai zuwa, lokacin da manoman da suka dawo za su fara sassabe.

Allah Ya ba Mai Girma ikon sauke amana, Ya zaunar da Birnin Gwari da Jihar Kaduna lafiya.

Wassalam.

Daga wani ɗan Masarautar Birnin Gwari.